Ba Kowa a Makiyayar Kudu

Åland, farkon Satumba, 1994

Joakim nawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma tarin nan da ka tafi da shi ya sake ka. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar Baba, mahaifinka. Da safe sai ya dafa tebur kafin ya miƙe, in na kai hannu zan kama shi ya harare ni ya ce shi ba kayan fashi ba ne. Tuffa ta yi albarka bana, har na gaji da dafa ta. Jirgin ruwan da yake kawo littattafan aro ya zo, na karɓo ƙananan labarai huɗu, na riga na cinye biyu. A ɗaya akwai wata mata da mijinta ya tafi teku, kullum tana tsaye bakin taga. Na gwada tsayuwar, ƙafata ta gaji, na koma na zauna.

Ba na son yi maka maganar nan ta waya. Ka san inda wayar take, a kicin, dab da kujerar Baba, shi kuwa kurumtarsa ba ta tashi sai an ambaci likita.

Na yi zagayen farko a Makiyayar Kudu, yadda ka koya mini kafin ka tafi. Na bi ta layi-layi a sunkuye, ina ɗaga ganyen nan mai tsini da tsutsotsin malam-buɗe-littafin suke ci, ina neman farar yanar da suke saƙa wa kansu don su yi hunturu a ciki. Ban ga ko ɗaya ba. Sau da yawa na zaci na samu, in na matsa sai in tarar gizo-gizo ne yake kallona.

Da na dawo Baba yana shan kofi. Ya ce, "Kin samo su, 'yar birni?"

Na ce, "Tukuna, Baba. Ai saura zuwa biyu."

Ya ce, "Haka yaran jami'a suka ce bara. Haka suka ce bara waccan." Ya tura mini baƙin burodi da man shanu, sannan ya ce, "Na yi wa mijinki alkawari, muddin ƙwarinsa suna wurin ba zan taɓa makiyayar ba. Ban yi alkawarin zan yi ta hawa dutse da tumaki saboda ciyawa kawai ba. In bana ma babu, zan sayar da tumakin in dasa itatuwan katako. Itace ba ya cewa a kai masa ruwa a bokiti."

Da gaske yake, Joakim. Ya riga ya yi magana da jami'in gandun daji, kuma mutumin ya ce duk mai son dashe ya faɗa kafin ƙarshen Oktoba.

Ka san abin da wurin nan yake a wurina. A duk tsibirin nan, can ne kaɗai ba na jin ni baƙuwa ce. Cikin gida komai na mahaifiyarka ne, har cokula, kuma ina girmama hakan. Amma faffaɗan dutsen nan na tsakiyar makiyayar, inda rana take ɗumamawa, inda nake kwanciya da littafi tumaki suna tsinkar ciyawa kusa da kunnena, nawa ne. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Taka,
Ulrika

Aberdeen, tsakiyar Satumba

Ulla tawa,

Na sami wasiƙarki, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ban ko cire rigar ruwa ba. Ina lafiya, tarin ya tafi. Ki gaida Baba, ki ce ya riƙa shafa maganin nan ko da a ɓoye ne. Burodin mutanen nan fari ne fat kamar auduga, ba ya riƙe ciki. Ina mafarkin namu.

Kin yi aikinki daidai. Kada rashin ganin ya dame ki. Shi ya sa muke zuwa sau uku: ko gwani yana iya tsallake yanar tsutsotsin a zuwa ɗaya, amma in muka haɗa zuwan mutane da yawa a makiyayu da yawa, sai mu san sau nawa ido yake kuskurewa, mu cire wannan daga lissafin. Abin da ya rage shi ne gaskiyar wurin.

Aikin yana tafiya fiye da yadda na zata. Yanzu ina da bayanan makiyayu ɗaruruwa na shekaru da dama. In na sa na'urar kwamfuta ta zana su shekara bayan shekara, sai ki ga kamar kina kan tudu da magariba kina kallon fitilun ƙauye. Kowace fitila makiyaya ce mai ƙwarin nan: wannan ta mutu, waccan ta kunnu. Babu makiyayar da take riƙe su har abada, ƙananan ma sun fi saurin mutuwa. Abin da yake raya su shi ne macen malam-buɗe-littafi ɗaya ta taso daga maƙwabta ta zo ta yi ƙwai. Ni abin da nake nema in auna ke nan, saurin mutuwar da saurin dawowar, da yadda nisa yake shiga tsakani.

Na duba tamu don ke. Yadda lissafin ya nuna, bana kusan tabbas ba kowa a Makiyayar Kudu, kuma ban yi mamaki ba, farin da aka yi shekaru uku da suka wuce ya ƙone ganyen. Ki yi sauran zuwan biyu, abin da kika gani ki rubuta. Sifili ma amsa ce, kuma ina buƙatarta kamar kowace.

Maganar Baba kuwa, tun ina firamare yake cewa zai dasa itatuwan nan. Ki bar shi ya faɗa.

Ki aiko mini da safar ulu, na bar su a aljihun tebur na ƙasa.

Naki,
Joakim

Åland, ƙarshen Satumba

Joakim,

Ina gaishe ka. Na ji daɗi da tarin ya tafi. Safa tana cikin ƙunshin nan, da burodi guda, in ma'aikatan gidan waya ba su cinye ba. Muna lafiya. An fara sanyi da safe, an haƙe dankali.

Wasiƙarka ta yi ɓarna. Baba ya gan ta a hannuna ya ce, "Me malamin lissafi ya ce?" Ni kuma ban iya ɓoye abu ba, na karanta masa. Da na kai inda ka ce kusan tabbas ba kowa, ya buga tebur da tafin hannu, ba da fushi ba, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce, "To, madalla. Shi da bakinsa." Na ce ba haka kake nufi ba. Ya ce, "To me yake nufi?" Na sake duba takardar, sama da ƙasa, ban sami inda ka ce wani abu dabam ba. Ka ba ni labarin fitilu, ka ba ni labarin burodi, makiyayar kuwa layi biyu ka ba ta, a cikinsu ka ce in bar shi ya faɗa. Wannan kam ban karanta masa ba.

Na yi zuwa na biyu. Babu.

Amma ka ji. Ranar Lahadi bayan coci na bi Gunvor gida don in karɓo tsamin da ake kwaɓa burodi da shi, ka san ta, maƙwabciyarmu ta yamma, ba ta barin mutum ya tafi ba kofi. A hanyar dawowa na ratsa ta babbar makiyayarta. Joakim, cike take. Ban ma nema ba, yanar tsutsotsin ga ta nan ga ta can, na ƙirga har na daina. Na tsuguna na leƙa ɗaya, ga su ƙanana baƙaƙe a cure kamar 'yan yara a bargo ɗaya.

Ga abin da na yi tunani, kada ka yi dariya. In na ɗauki ƙaramin shebur na haƙo ganye ɗaya da yanarsa da ƙasarsa, na kawo shi makiyayarmu na dasa a gefen dutsen da ya kalli rana, wa aka cuta? Gunvor ba za ta san an rage mata ba. Tsutsotsin za su rayu. Baba zai cika alkawarinsa. Kai da kanka ka ce mace ɗaya ce take tasowa daga maƙwabta ta raya wuri. To ni ce macen. Na ma fi ta tabbas, don iska ba za ta kai ni teku ba.

A labaran da nake karantawa, kullum akwai wanda yake yin ɗan abu ɗaya a ɓoye, sai gida ya tsira. Ban taɓa samun damar zama wannan mutumin ba.

Ina jiran amsarka kafin zuwa na uku.

Ulrika

Aberdeen, farkon Oktoba

Ulla,

Da fatan kuna lafiya. Ƙunshi ya iso.

Kada ki taɓa yanar nan. Ina roƙonki, kada ki yi. In kika dasa ta kika rubuta kin gani, lissafin zai ɗauka da kansu suka tsallako, zai ce dawowa ta fi sauƙi fiye da yadda take. In ɗaliban da suke ƙirga ta Gunvor suka zo, su ma abin da za su samu ba shi ne gaskiya ba. Mutane da yawa sun yi shekaru a sunkuye don mu san abu ɗaya, wato yadda suke yaɗuwa in ba wanda ya taimake su. Wannan ba labarin littafi ba ne.

Ina sauri, za a rufe gidan waya.

J.

Aberdeen, tsakiyar Oktoba

Ulla tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Lafiyata lau, sai dai ba na barci sosai. Kullum ina duba akwatin wasiƙa, har matar da nake haya a gidanta ta fara yi mini kallon tausayi tana ƙara mini miya. Na buga waya sau biyu. Na farko Baba ya ɗauka ya ce kin fita, ya ba ni labarin farashin ulu har kuɗina suka ƙare. Na biyu ba a ɗauka ba.

Na san abin da na rubuta. Maganar dasa yanar ina nan a kanta, amma layin nan na "labarin littafi" bai kamata ba. Kin rubuto mini kina tsoron rasa wurin da kike numfashi, ni kuma na amsa miki kamar ɗaliba ce ta ɓata mini takarda. Kuma laifin farko nawa ne. Na ce ba kowa a makiyayar, ban ce me hakan yake nufi ba, don a nan duk wanda nake magana da shi ya sani, har na manta ba kowa ya sani ba.

Bayan na aika waccan wasiƙar na koma ɗakin na'ura na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na goge Makiyayar Kudu daga taswirar, na sa daji a gurbinta, na ce wa na'urar ta tafi gaba shekaru hamsin. Na maimaita sau da yawa, don kowane zagaye da irin sa'arsa. Sannan na mayar da ita na sake. Ga abin da nake so ki karanta wa Baba, a hankali, da ƙarfi:

Baba, gaskiya ne bana ba kowa a makiyayar, wataƙila baɗi ma haka. Amma ita ce kaɗai buɗaɗɗen wuri tsakanin babbar makiyayar Gunvor da ƙananan nan na bakin gaɓar arewa. Ƙwarin nan ba sa tafiya mai nisa, kuma ba sa son ratsa daji. In tamu tana nan, wata shekara sukan sauka a cikinta, su hayayyafa, 'ya'yansu su ƙarasa arewa. In ta zama daji, na arewa sukan mutu ɗaya bayan ɗaya ba mai maye gurbinsu, a yawancin zagayen da na gwada haka ta faru. Kuma in wata shekara fari ya cinye ta Gunvor, ba inda za su fito su dawo mata. Alkawarin da na karɓa a wurinka ban tsara shi daidai ba. Da na sani da cewa na yi ka bar ta ko suna nan ko ba sa nan. Na san ba ni nake hawa dutsen ba. Ina roƙo ne kawai.

Ulla, ban san abin da kika yi ko ba ki yi ba. Ko mene ne, ki faɗa mini yadda yake. Ki rubuto ko da zagi ne.

Naki,
Joakim

Åland, ƙarshen Oktoba

Joakim nawa,

Gaisuwa da kewa. Muna lafiya. Gwiwar Baba tana nan yadda take, ni kuma ina da ƙujewa a hannu biyu da tabo a ƙwauri, za ka ji dalili. Ka daina tsayuwa bakin akwati, ka ci miyar matar nan.

Makon farko na shirun, fushi ne, ba zan ɓoye ba. Na karanta "wannan ba labarin littafi ba ne" har na haddace inda alƙalaminka ya kama takarda. Mako na biyu iska ce, jirgin wasiƙa bai zo ba, wayar ma ta yanke.

Na je makiyayar Gunvor da shebur da kwando. Bayan gajeriyar wasiƙarka ta iso na je, don ka san irin fushin. Na zaɓi yana mai kyau, na durƙusa, na kafa shebur a ƙasa. Sai na ji murya a bayana.

"Ikon Allah! A zamaninmu tuffa amare suke sata."

Gunvor ce, da sandarta da karenta. Sai na faɗa mata komai. Ta yi dariya har ta zauna a kan dutse. Ta ce, "Ɗauki mana, 'yata, ɗauki goma. Ni ba nono suke ba ni ba." Ta share hawaye ta ce, "To in kin dasa, baɗi fa? In suka mutu ki sake zuwa? Haka za ki yi ta jigilar tsutsa a kwando har ki kai shekaruna, kina yi wa tsohon nan ƙarya kowace kaka?"

Na riƙe shebur ban danna ba. Ina kallon yanar, ina tunanin Baba yana hawa dutsen nan da bokiti a kan gwiwar nan saboda abin da ni na ajiye a wurin. Lissafinka bai zo mini a rai ba a lokacin, ka yi haƙuri. Baba ne ya zo. Na zare shebur, na danne ƙasar da tafin hannu. Gunvor ta ce tunda na zo da kwando kada ya koma ba komai, ta cika mini shi da albasa.

Washegari na yi zuwa na uku, a hankali fiye da na baya, har bayana ya ƙage. Babu.

Da jirgi ya samu zuwa, doguwar wasiƙarka ta iso, ranar kuwa Gunvor tana kicin ɗinmu ta kawo kifi. Na ce, "Baba, ɗanka ya aiko maka da magana." Ya ce in ta kuɗi ce ba ya ji. Na karanta, a hankali, da ƙarfi, yadda ka ce. Bai katse ni ba. Da na kai inda ka ce ka san ba kai kake hawa dutsen ba, ya juya ya kalli taga.

Can ya ce, "Sake karanta wurin gaɓar arewa." Na sake. Ya ce, "Can mahaifiyarsa take kai shi yana ƙarami, da kwalba, yana bin malam-buɗe-littafi." Ya juyo daga taga. Sannan ya ce, "Na ji. Ban ce yaron ya yi ƙarya ba. Ƙwari suna son masauki a hanya, ko ni in zan je birnin Mariehamn sai na zauna a wani wuri. Amma makiyaya ba ta zama makiyaya don an bar ta. In tumaki ba su ci ba, shekara kaɗan ƙaya da ƙananan itatuwa za su rufe ta, ko na dasa ko ban dasa ba. Na'urar tasa ta faɗa masa wa zai kai tumakin?"

Ni ma ban shirya ba, Joakim, na rantse. Na ji bakina ya ce, "Ni."

Gunvor ta ajiye wuƙa. Baba ya ce, "Ke? Ke da kike ba su labarin littafi?"

Na ce, "Suna saurare kuwa. Sun fi wasu."

Gunvor ta ce wa Baba, "Ta gama da kai, Runar."

Ya ce, "Kiwo ba kwanciya kan dutse ba ne, 'yar birni. Akwai yankan ƙofato. Akwai haihuwa a watan Afrilu, hannunki har gwiwar hannu a cikin tunkiya. Akwai ranar da za ki zaɓi wanda za a yanka, kuma wanda kika raɗa wa suna ne."

Na ce ya koya mini. Ya ce shi ba malamin makaranta ba ne. Ya ɗauki hularsa ya ce in biyo shi garke, in kama masa tsohuwar tunkiyar nan mai yagaggen kunne, in zaunar da ita a kan gindinta, in na iya sai a yi magana.

Ba zan ba ka labarin duka ba, don ina son ka ci gaba da ganin mutuncina. Ta ja ni a ƙasa. Ta buga ni da bango. Gunvor tana bakin ƙofa tana ihu, "Haɓa, kama haɓarta, ba ulu ba!" Baba ya jingina da shinge, ban taɓa jin ya yi dariya haka ba tun zuwana gidan nan. A ƙarshe na juya kanta yadda suka ce, na danna, sai ga ta zaune a jikin ƙafafuna, shiru, tana kallon sama kamar wata baƙuwa a coci. Baba ya miƙo mini almakashin ƙofato.

Da yamma ya ɗauki waya ya kira jami'in daji. Ka san yadda yake magana a waya, kamar mutumin yana wancan tsibirin ba waya a tsakani. Ya ce, "Cire sunana. Bana dai. Na ce bana! Ina da sabon makiyayi, zan ga ko zai kai bazara."

Bana kawai ya ce, kada ka ɗauka ya wuce haka. In na gaza a hunturu, ko haihuwar ta fi ƙarfina, zai sake kiran mutumin, kuma ba zan ce ya yi rashin adalci ba. Yanzu ina tashi kafin gari ya waye sosai. Littattafan da na karɓo wancan zuwan jirgin na mayar da biyu ban buɗe ba, na roƙi matar ta nemo mini wanda yake maganar cututtukan tumaki. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ko lafiya.

In za ka zo Kirsimeti, ka taho mini da takalmin roba mai kyau, an ce na mutanen can ba ya yoyo. Kuma ka zo da shirin ɗaukar ciyawa, Baba ya ce malamin lissafi ma yana da kafaɗa.

Ga amsar aikinka, ka sa a na'urar yadda take. Makiyayar Kudu, kakar bana, zuwa uku, sifili uku. Ba kowa a cikinta sai ni da tumakina.

Taka,
Ulrika